Sabulun da Ya Ƙi Kumfa

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakalori ya fara taruwa, ƙauyen Tungar Gawo na cikin waɗanda aka ce su tashi. Akasarin mutanen garin sun bi motocin da aka kawo musu zuwa wani tudu mai tsakuwa a gefen Maradun, inda aka yanka musu filaye, suka sa wa wurin suna Sabuwar Tunga. Malam Nasidi kuwa da ya je ya ga wurin, ya tona ƙasar da ƙafa, ya ce shi ba zai zauna inda fartanya za ta riƙa ƙara kamar ana ƙira ba. Ya kwashi matarsa Baturiya da 'yan komatsansu suka koma Talata Mafara, gidan ƙanensa.

Baturiya ta haura hamsin. Fara ce sol tun haihuwa, shi ya sa sunan ya bi ta, amma hannuwanta sun daɗe da yin duhu da kaushi, don shekara talatin ke nan tana dafa sabulun salo. A wurin kakarta ta koya. Ga mai kallo aikin ba shi da wuya. A ƙona karan gero ya zama toka, a zuba tokar cikin tsohuwar tukunya mai huji a gindi wadda aka shimfiɗa wa ciyawa, a riƙa zuba ruwa yana ɗiga cikin kasko, ja kamar shayi. A dafa ruwan tokar har ya yi ƙarfi. Baturiya takan tsoma gashin kaza, in ya fara zagwanyewa ta san ya kai. Sannan a narka kitsen sa, a tace, a haɗa su a wuta ana tuƙawa da muciya tun hantsi har la'asar. Da farko kitse yana gefensa, ruwan toka yana gefensa, sai wuta da tuƙi sun gajiyar da su suke haɗewa su zama wani abu dabam, wanda ba kitse ba ne, ba kuma toka ba. Gwanintar duk a wurin awo take. In toka ta rinjaya, sabulu ya ci fata. In kitse ya rinjaya, ya bar maiƙo a tufa. Ita da bakin harshenta take ganewa.

Da sabulunta matan Tungar Gawo suke wankan jego, da shi suke wanke kai kafin kitso. Wanzamai na saye don aski, masu ƙuraje na shafawa su bari ya bushe a jiki. Da gari ya watse, ba ta so ta rabu da mutanenta ba, sai ta yi shawara da Taiba, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ta bi mijinta Malam Hashimu zuwa Sabuwar Tunga. Kowace Talata Taiba takan zo cin kasuwar Mafara, ta biyo ta gidan ta ɗauki kwando guda, ta kai wa matan tudu gida gida. Haka suka yi damina ɗaya lafiya ƙalau.

Bayan kaka ne, wata Talata da hantsi, Taiba ta yi sallama. Suka gaisa kamar yadda suka saba, aka tambayi gajiya da sanyi, aka tambayi Malam Hashimu da ciwon gwiwarsa, aka bi gidajen tudu ɗaya bayan ɗaya. Baturiya ta lura ƙawarta tana amsawa ne idonta na kan wani ƙullin tsumma da ta ajiye kusa da ƙafarta.

Taiba ta ce, "'Yar'uwa, saƙo gare ni, kuma ba mai daɗi ba na."

Ta kwance ƙullin. Dunƙulen sabulu ne guda bakwai, kowanne an ɗan taɓa shi.

"Kyauta tamu ta Tunga tac ce in maido maki, ita da matan gidan liman. Sun ce sabulunki ya mutu."

"Ya mutu ƙaƙa?"

"Ba ya kumfa. Ana cuɗawa sai shi tsinke, shi yi gudaji-gudaji bisa ruwa awa nonon da yal lalace. Tufa ta fito toka-toka. Kai kuwa in an wanke sai shi yi danƙo, mai kitso ta kasa tsaga."

Baturiya ta ɗauki ɗaya ta sansana, ta taɓa da harshe. Ba ta ji komai ba. Amma Taiba ce ta faɗa, kuma ba ta taɓa jin ƙarya a bakinta ba. Ta ba ta wani kwandon, ta ce a ba su haƙuri, za ta duba.

Taiba na fita, ta zauna tana juya abin a ranta. Abu biyu ne suka sauya a tukunyarta bana. Na farko toka. Gonakin da ke kewaye da Mafara katafila ta baje su don aikin noman rani, ba a shuka komai ba, kara ya yi wuya, sai Nasidi ya kora jaki har wajen Dakko ta ƙasar Bakura ya samo. Amma karan gero ne, ita ta ƙona da hannunta. Na biyu kitse. Tun da gari ya cika da leburori da direbobi, mahauta ba su da lokacin kansu. Sallau, wanda take saye a wurinsa, ya daina ajiye mata ɗanye, sai ya riƙa aiko mata da narkakke cikin garwa. Kuma a shekarun nan me ba a garwayawa? Nono ya koma rabi ruwa, man gyaɗa ma ba a yarda da shi sai an ɗanɗana. Wa ya san abin da ke cikin garwar?

Ba ta tsaya ko cin abinci ba, ta yafa mayafi ta nufi mahauta. Ranar kasuwa ce, wurin cike. Sallau na tsaye bayan teburinsa yana sara, yana ganinta ya ajiye wuƙa ya rusuna.

"Inna, ke da kanki? Ina wuni? Ina Malam?"

Ta amsa a gajarce, sannan ta ce, "Sallau, kitsen ga da kake aiko mani, na mi na?"

"Na sa na, Inna."

"Ba a garwaya shi da komi?"

Mahautan da ke gefe suka rage sara. Sallau ya dube ta, ya goge hannu a jikin rigarsa a hankali.

"Inna, tun ubana na da rai kike sayen kitse gidanmu. Da mi za ni garwaya shi?"

"Ni dai an maido mani da sabulu. Shekara talatin ba a taɓa ba, sai da kaf fara narka mani."

Sallau ya ɗauki wuƙarsa. Ya juya ga naman da ke rataye, ya yanko kitse fari tas daga wajen ƙoda, ya naɗe a takarda ya miƙa mata.

"Ɗauki wanga ki narka da hannunki. Don in rage maki wahala ni ke yi. Daga yau na bari."

Ta koma gida hannunta na ƙarnin kitse. Ta ɗebi ruwa a randa, ta miƙa hannu ta ɗauki abin da ya fi kusa, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan da aka maido. Tana cuɗawa kumfa ya taso, fari, mai laushi, har yana zubowa ta gwiwar hannu. Ta tsaya tana kallo. Ta ɗauki na biyu, haka. Ta bi bakwai ɗin duka, kowanne ya cika ƙwarya da kumfa.

A haka Nasidi ya dawo ya same ta. Tun da gonarsa ta fadama ta nutse, ya zama mutumin da ba ya yarda da kowa. Ko baƙo ya tambaye shi hanya sai ya yi ta tunanin abin da aka turo shi ya auna. Ya saurari labarin yana kwance wa jaki mangala, sannan ya ce, "In shina kumfa nan, ba ya yi can, to tsakanin nan da can wa ke akwai?"

"Haba, Malam. Taiba fa?"

"Ni ban kira suna ba. Amma na ji akwai mai kawo sabulun kanti Maradun, shina neman matan da za su shiga gidaje da shi. Mai son shi sayar da nashi, ai sai ya fara kashe naki."

Ta ce ya bar wannan magana. Amma maganar ba ta bar ta ba. Duk makon, tana tuƙi tana lissafa abubuwan da da ba ta ɗauke su komai ba. Sabon zanen da Taiba ta ɗauro. Yadda ta riƙa kauce wa idonta ranar. Wata Talata da ta ce sauri take, ba ta zauna shan fura ba. Wataƙila wani sabulun take kai musu da sunan Baturiya, ta ɗan goga nata ta maido. Wataƙila ma babu wanda ya yi ƙorafi, ita ta ƙaga. Takan yi istigfari ta kori tunanin, kafin ta juya muciya sau goma ya dawo.

Talata ta kewayo, Taiba ta zo da wani ƙullin, ya fi na farko girma. A tsakar gida akwai matar ƙanen Nasidi da wasu mata biyu da suka zo saye. Gaisuwar ranar ba ta yi nisa ba. Baturiya ta jawo ƙwarya, ta zuba ruwa, ta ɗauki ɗaya daga cikin ƙullin ta cuɗa a gaban kowa. Kumfa ya tashi.

"Ga shi. Wanga na mataccen?"

Taiba ta buɗe baki tana kallon ƙwaryar. "Wallahi ni dai da idona nig gani. Ko ni da niy yi wanki da shi haka yay yi mani."

"Da idonki kinka gani, ko da hannunki kinka yi? Mi kike kai masu da sunana, Taiba?"

Taiba ta ɗauke ido daga ƙwaryar ta dube ta. Da ta tashi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce.

"Ashe nan munka zo. To bari ni ma in faɗa maki abin da ake faɗi can, wanda ni ke rufe maki. Sun ce tun da kinka shigo birni kinka samu leburori da masu wankin Turawa, mai kyau nasu na, mu na tudu sai ragowar gindin tukunya. Ni ke rantsuwa dominki gida gida. Har da Kyauta munka yi cacar baki."

Ta gyara mayafinta ta fita. Kwandon da aka cika mata yana nan inda yake.

Talata uku Taiba ba ta zo ba. Baturiya na sayar da sabulunta a Mafara, wasu ma daga Bakura suke zuwa saye, babu wanda ya ce uffan. Wannan ya kamata ya kwantar mata da hankali, amma bai yi ba. Abin da Taiba ta faɗa ya tsaya mata a rai, wato matan da ta yi wa sabulun wankan 'ya'yansu suna can suna cewa ta raina su. Ta dafa sabuwar tukunya da kitsen da ta narka da kanta, ta gwada kowane dunƙule kafin ta naɗe. Ranar Alhamis da safe ta cika gorarta da ruwan sha, ta ɗauki ƙullinta, ta shiga a-kori-kura mai zuwa Maradun. Ba ta aika wa kowa cewa tana tafe ba.

A hanya motar ta hau wani tudu inda ake hango ruwan dam shimfiɗe har iyakar gani. Can tsakiya kawunan giginya ne suka leƙo. Wani fasinja ya nuna ya ce nan ne wani ƙauye yake da. Baturiya ta kau da kai.

Ta sauka a Sabuwar Tunga rana ta ɗaga. Gidajen a jere suke kamar an ja layi da igiya, babu inuwa sai wata aduwa guda kusa da rijiya. Nan ta tarar da mata kusan goma, wasu na jan ruwa, wasu na wanki. Suka gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, ba a bar komai ba, amma babu wadda ta karɓi kayanta. Kyauta, mace mai jiki da kaifin baki wadda Baturiya ta san ranar haihuwarta, tana durƙushe gaban kwano.

Baturiya ta kwance ƙulli ta miƙa mata ɗaya. "Kyauta, wanga daga tukunyata zuwa hannuna, daga hannuna zuwa naki. Ba wanda yat taɓa shi. Wanke mu gani."

Kyauta ta zuba ruwa daga guga, ta tsoma farin kallabi, ta goga sabulu. Ta cuɗa, ta cuɗa. Ruwan ya yi fari-fari, wasu gudaji suka taso suna yawo a sama, suka manne a gefen kwano. Kumfa ko na magani babu.

"Ba ki iya ba," in ji Baturiya. Ta durƙusa ta karɓa ta cuɗa da ƙarfinta duka. Sabulun na narkewa a hannunta yana komawa wani abu mai danƙo kamar kakin zuma. Ta ɗauko wani dunƙulen, haka.

Wata daga baya ta ce, "To?"

Baturiya ta ɗaga kai. Taiba na tsaye bayan matan da tulu a ka, ba a san lokacin da ta iso ba. Ba ta yi murmushi ba.

Baturiya ta saki kallabin a kwano. Ta ja jiki zuwa gindin aduwa ta zauna. Jiya da hannunta ta gwada wannan sabulun. Abin da ya fara zo mata shi ne an yi mata asiri, an ɗaure mata sana'a a garin nan, kuma mai yin yana cikin waɗanda ke kallonta. Ta riƙa bin fuskokinsu ɗaya ɗaya tana karanta abin da ta iya a zuci. Danƙon da ke hannunta ya dame ta, sai ta cire marfin gorarta ta tsiyaya ruwa a tafinta, ragowar sabulun na ciki. Ta murza sau biyu. Kumfa ya fito tsakanin yatsunta.

Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta dubi gorar, ta dubi rijiyar.

"Ku ba ni ƙwarya biyu," in ji ta.

Aka kawo. Ta tsinke zare daga bakin zanenta ta raba dunƙule ɗaya gida biyu. A ƙwarya ɗaya ta zuba ruwan gora, a ɗayar ruwan guga. Ta cuɗa rabi a nan, rabi a can. Ta farko ta cika da kumfa, ta biyu ta yi gudaji. Ta kamfaci ruwan gugan da hannu ta kurɓa. Nauyi gare shi a harshe, da wani ɗan bauri a ƙarshe. Zartsi ne.

"Tun yaushe kuke wanki da rijiyar ga?"

Wata ta ce tun da tafkin bayan gari ya ƙafe, bayan kaka. Da damina ruwan sama suke tara, ko su je tafki. Rijiyar an daɗe da haƙa ta, amma sai da rani ya shigo suka koma kanta gaba ɗaya.

Kyauta ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, amma wa yas san abin da kinka zuba cikin gorar ga kafin ki taho?"

Baturiya ta ɗaga gorar ta sha a gabansu. Kyauta ta ce sha ba shi ne ba, akwai maganin da ake sha. Sai wata tsohuwa ta ce ita tana da ruwan dam a randarta, ɗanta mai kamun kifi yake kawo mata, don na rijiyar ba ya kashe mata ƙishi. Aka ɗebo. Baturiya ta matsa gefe, ta ce Kyauta ta zaɓi dunƙulen da ta ga dama ta wanke da hannunta. Kyauta ta tona har ƙasan ƙullin ta ɗauko ɗaya. Tana gogawa kallabin ya ɓace cikin kumfa.

Baturiya ta ce, "Mu duka bakin gulbi munka tashi, ba mu san wanga ba. Ruwan ga cikin dutse yake kwana. Abin da yak kwaso cikin dutsen shi ke kama sabulu, shi dunƙule shi, tun sabulun bai kai ga dauɗa ba."

Tana faɗin haka ta tuna wani abu. Tana yarinya ta taɓa raka kakarta bikin suna a wani gari mai duwatsu, ta ga tsohuwar ta zuba ruwan toka cikin ruwan wanki ta bar shi a rana. A lokacin ta ɗauka tsufa ne kawai. Ta tambaya ko akwai mai ruwan toka na tuwo. Kusan kowane gida akwai. Aka kawo a kwalba, ta cika babban kwano da ruwan rijiya, ta zuba ludayi guda ta juya. Nan take ruwan ya yi fari kamar an dama alli. Ta ce a bar shi kada a taɓa.

Suka watse, aka yi azahar, suka dawo. Farin ya kwanta a gindin kwano, na sama ya yi garau. Baturiya ta tsiyaye shi a hankali cikin ƙwarya ta cuɗa sabulu. Ya yi kumfa. Bai kai na gulbi ba, amma kumfa ne, zai wanke tufa.

Ta zaci za su yi murna. Matan kuwa ba ƙwaryar suke kallo ba, farin da ya kwanta a kwano suke kallo. Matar liman ta lakato shi da yatsa ta murza.

"Wanga abu muke sha kullum?"

Kyauta ta ce, "Ruwan da ke kashe sabulu, mi yake yi cikin cikinmu?"

Nan magana ta ɓarke. Wata ta ce waɗanda suka haƙa rijiyar sun sani, shi ya sa ba su sha ba ranar da suka gama. Wata ta ce ita ta ga an zuba wani farin gari ciki. Wata ta tuna akuyarta da ta yi ɓari. Baturiya ta ce ita sabulu ta sani, ba ciki ba, amma akwai garuruwan da tun kakanni zartsi suke sha, kuma suna tsufa. Babu wadda ta saurare ta. Kafin la'asar maza sun taru bakin rijiya suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya, kamar za su ga wani abu a ciki.

Ita kuwa ta nufi gidan Taiba. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo fura, aka gaishe ta yadda ake gaida baƙuwar da ake girmamawa. Wannan ya fi mata zafi da a ce an zage ta.

"Taiba, na zalunce ki. Na faɗi abin da bai kamata ba, kuma gaban mutane. Ki yafe mani."

Taiba na tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. "Na yafe. Ni ma sai da nit tambayi kaina ko ragowar tukunya kike ba ni, ban dai faɗa ba sai da kinka fara. Amma kwando ki nemi wata. Ba ni iya ɗaukar kayan da in an samu matsala ni za a fara duba."

Baturiya ta so ta ƙara magana, sai mai mota ya yi oda a bakin hanya.

Washegari ta je mahauta ta ba Sallau haƙuri a gaban waɗanda suka ji ta ranar. Ya yi dariya ya ce ai uwa ba ta laifi, ya ƙara mata kitse kyauta. Amma ɗanye ya ba ta, kuma ɗanye ya ci gaba da ba ta.

Matan Sabuwar Tunga suka koyi kwantar da ruwan wanki da toka. Na sha kuwa, masu jaki suka riƙa zuwa dam, marasa shi suka ci gaba da rijiya suna gunaguni. Kyauta ce ta karɓi kwando. Ba kowace Talata take zuwa ba, kuma abin da take ɗauka yana ta raguwa. Wajen tsakiyar bazara Baturiya ta tambaye ta dalili. Kyauta ta sosa kai, ta ce Taiba ta fara dafa nata.

Nasidi na zaune a inuwa yana gyaran igiya. Ya ce, "Kin gani? Abin da taka so ke nan tun farko."

Baturiya ta ci gaba da cika kwandon. Ta san ba Taiba ce ta sa dutse cikin rijiya ba. Amma ta kuma tuna shekarun da Taiba ta yi tana zama kusa da murhunta ana hira, tana kallon kowane ludayi. Ta rasa inda za ta ajiye wannan tunanin. Ta ce da Kyauta in za ta dawo ta zo mata da ɗaya.

Talata ta gaba Kyauta ta kawo, a naɗe cikin ganye. Dunƙulen ya yi kyau a ido, baƙi, mai sheƙi. Baturiya ta taɓa shi da bakin harshe, nan da nan ta tofar. Ya cije ta kamar barkono.

"Ana wanka da wanga?"

"Ana yi. Wasu na cewa shina ƙaiƙayi, amma sun ce ko ruwan na."

"Ba ruwan ba na. Toka tay yi yawa. In anka yi ma jariri wanka da shi sai fatarshi ta saɓule." Ta mayar da dunƙulen cikin ganyensa. "Ki ce mata ta ƙara kitse ludayi biyu ga kowace tukunya, kuma kada ta sauke sai ya bar jikin muciya da kanshi. Wanda tar riga tad dafa, ta maida shi wuta."

Kyauta ta ɗaure ƙullinta ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo. "In ce inji ki?"

Baturiya ta yi tunani. "A'a. In kinka ce ni, za ta ce so ni ke in ɓata mata tukunya. Ki ce cikin kasuwa kinka ji."